Mahaifina Ne Tsohon da Yake Kwashe Ledar Kantinmu

Zuwa ga Malama Hayasaka,

Don Allah ki taimake ni, kuma da wuri, domin kwana takwas ne suka rage mini. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Idan kin ga maganar tana ta kewaye ki yi haƙuri, haka take a cikin kaina.

Shekarata arba'in da takwas. Ina aiki a wani kantin sauƙi, irin wanda ake jera kaya a cikin kwalayen da suka zo da su, ba ado ba komai, araha ce kawai take kawo mutane. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a wajen karɓar kuɗi, yanzu ni ce babba a kan mata tara. Kamar ko'ina, tun da aka daina ba da leda kyauta muna tambayar kowa ko yana so, kuma guda nawa. Ƙarama yen uku, babba yen biyar. Abin da ya rage kyauta shi ne siririyar ledar nan mai shara-shara da ke naɗe a kan teburin shirya kaya, wadda mutum zai yago ɗaya ko biyu ya sa nama ko kifi don kada ruwa ya ɓata masa jaka.

Wata huɗu ke nan wani tsoho yake zuwa duk Talata da Juma'a, wajen ƙarfe goma na safe. Ya sayi awara ɗaya, ƙwai, rabin kabeji, wani lokaci kifi gunduwa biyu. Ya biya, ya ɗauki kwandonsa ya tafi teburin ƙarshe na jikin taga. Sai ya juya wa kowa baya, ya kama bakin ledar ya yi ta naɗewa a hannunsa kamar zare. Talatin, arba'in. Ya cusa a aljihun rigar sanyinsa, ya ɗan rusuna ba tare da ya kalli kowa ba, ya fita. Matan kanti sun sa masa suna Baba Mai Zare.

Mahaifina ne.

Ba wanda ya sani a kantin. Sunan gidan mijina nake amsawa, shi ne kuma a rubuce a ƙirjin rigar aikina. Shi kuwa Baba, shekara talatin da biyar ya yi yana tuƙa bas ɗin gari, kuma ko mu muka shiga motarsa muna yara ba ya kallonmu, cewa yake wurin aiki wurin aiki ne. Da can ba a wajenmu yake sayayya ba. Bara ya mayar wa hukuma lasisin tuƙinsa, kantinmu ne kaɗai ƙafarsa take iya kaiwa. Tun ranar farko ya gaya mini ba zai bi layina ba, ba zai gaishe ni ba, kada ni ma in gaishe shi. Haka muka yi ta yi.

A ɗakin hutu Yaya Nagumo, wadda ta fi kowa daɗewa kuma ta fi kowa baki, takan ɗauki takardar goge hannu ta riƙa naɗewa tana duƙar da kai kamar shi. Ta ce, “Ku ƙyale shi, tsohon nan kamfanin leda zai buɗe, mu je ya ɗauke mu aiki.” Wata ta ce rigar ruwa yake ɗinka wa kansa. Yaya Nagumo ta ce, “Irin waɗannan ai na san su. Ki ɗaga tabarmar ɗakinsu kuɗi ne shimfiɗe, amma yen uku ya fi ƙarfinsu.” Kowa ya yi dariya. Malama, ni ma na yi. Da shinkafa a bakina na yi dariya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A farko na ce gobe zan faɗa, goben ta zama mako, yanzu wata huɗu.

Baba ba marowaci ba ne. Na san abin da yake yi da ledar, kuma wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba, har mijina ban gaya wa duka ba.

Mama ta yi shekara arba'in tana koya wa 'yan mata da amare yadda ake ɗaura kimono, rigarmu ta gargajiya. Ban taɓa ganinta da gashi a warwatse ba, ko da asuba. Shekara ɗaya da rabi da suka wuce ta faɗi a banɗaki, ƙugunta ya karye, kuma tun daga nan ba ta koma daidai ba, ƙafar da kan duka. Baba ne yake yin komai. Duk Lahadi in na je nakan tarar da ita zaune an taje mata kai, an sa mata riga mai kyau, gida yana ƙamshin turare, shayi yana jira. In na tambaya ya ce, “Lafiyarmu ƙalau. Ki kula da naki gidan.”

A watan Nuwamba na je kai musu lemo ranar Laraba, ban sanar ba. Baba ya fita. Na zaga ta baya, na ga ganye ya zube a tsakar gida, na buɗe ɗan ɗakin ajiya in ɗauko tsintsiya. Kunzugun manya ne fakiti a kan fakiti, da tambarin wani kantin magani na garin gaba, tafiyar minti arba'in a bas. A gefe guda kuma ga waɗanda aka yi amfani da su, kowane ɗaya an naɗe shi da jarida, an sa a ledar kantinmu, an sake sa wa a wata, an sake a wata, an ɗaure bakin tsaf. Na rufe ƙofar, na ajiye lemon a bakin shiga, na tafi. Ban ce na gani ba. Shi ma bai taɓa tambayata ta ina na shigo ba.

Kin san yadda shara take a unguwa irin tasu. Dole ledar sharar ta zama wadda ake ganin cikinta, kuma maƙwabta ne suke karɓa-karɓa wajen tsaron wurin ajiyewa, suna duba wanda ya haɗa abin da bai kamata ba. Rabin matan layin ɗaliban Mama ne, har yau Malama suke ce mata. Da fararen ledojin kanti irin na da ya riƙa rufe komai, don kada a ga abin da ke ciki. Mama ta yi shekaru tana ninke su kusurwa uku-uku tana tarawa, durowa biyu cike, mukan yi mata tsiya a kai. Su ya yi ta amfani da su har suka ƙare a ƙarshen Satumba. Wannan siririyar kuwa ɗaya ba ta riƙe wari, shi ya sa yake sa uku.

Za ki ce me ya hana shi saya. Ya taɓa gwadawa, ina layi na gaba na ji da kunnena. Yaya Nagumo ta tambaye shi leda nawa, ya ce takwas, manya. Ta dubi awararsa ɗaya da ƙwai, ta ce, “Takwas, Baba? Rabo za ka yi a unguwa?” Ba da mugunta ta faɗa ba, haka bakinta yake da kowa. Mutanen layi suka yi murmushi. Ya ce a'a, kuskure ya yi, ba ya so. Daga makon ne ya fara naɗin.

Ni ma na gwada. Na sayi ƙunshin baƙaƙen leda guda ɗari na ajiye a kicin ɗinsu ban ce komai ba. Da zan tafi na tarar da shi a kan takalmina. Ya ce, “Kin manta kayanki.” Muka kalli juna, na ce na gode, na ɗauka.

Manajanmu, Malam Horiguchi, ba mugu ba ne. Ya fara manna sanarwa cewa a ɗauki ɗaya ko biyu. Ya sake manna wata da jan rubutu. Daga sama aka ce masa in ba a rage ba za a ɗauke ledar daga teburan gaba ɗaya, kowa ya rasa. Ran Litinin ya kira ni ofis ya nuna mini hoton kyamara. Bayan Baba ne, da hularsa da na saya masa. Ya ce, “Ke ce kika fi kowa iya magana da tsofaffi. Juma'a ta sama, idan ya gama naɗinsa, ki tare shi a ƙofa cikin ladabi ki kawo mini shi nan. Zai sa hannu a takarda, daga ranar ya daina shigo mana.” Juma'ar ce ranar da fansho yake shiga, kantin zai cika da tsofaffi, ya ce gara sauran masu yi su gani. Na ce to. Na rusuna na fito.

Na juya abin ta kowace fuska. In na ce ba ni da lafiya ranar, Yaya Nagumo za a sa, kuma muryarta har wajen ajiye keke ake ji. In na gaya wa manaja mahaifina ne, akwai dokar da ta ce ma'aikaci ya sanar idan danginsa suna sayayya a kantin, ni kuwa wata huɗu ina kallo na yi shiru, ga shi a watan Maris ake sabunta takardar aikina. Kuma zai tambaye ni dalili, in ce me? In na gaya wa Baba, zai gane na buɗe ɗakin nan. A asibiti, bayan faɗuwarta, ina bayan labule, na ji Mama ta ce masa, “Kada ka bari yarinyar nan ta gan ni a haka.” Ya ce mata ba zai bari ba. Shekararsa saba'in da tara, ya rame, wandonsa sai da ya ƙara wa bel ɗin huda, kuma alkawarin nan ne kaɗai nake ganin yake riƙe da shi a tsaye. In aka hana shi shiga kantin ban san inda zai sayo musu abinci ba. In kuma ni ce na tare shi a ƙofa, a gaban mutanen unguwarsu, ba na jin zai sake ɗaga kai ya kalle ni.

Mijina yana aiki a Sendai, sau ɗaya yake zuwa a wata. Da na ɗan taɓa masa maganar a waya ya ce, “To ki saya masa ledar mana, nawa take?” Na kashe wayar na zauna a ƙasan kicin na yi kuka.

Gobe Juma'a zai zo, Talata ma zai zo, in ci gaba da tambayar mutane leda nawa ina kallon bayansa ta gefen ido. Sai kuma waccan Juma'ar. Malama, me zan yi?

Wadda ta yi shiru, daga lardin Gunma

*

Zuwa ga Wadda ta yi shiru,

Na sa wasiƙarki gaba da sauran saboda kwanakin da kika ambata. Amsata a taƙaice ita ce: kada ki tare shi ranar Juma'a, kada kuma ki ɓuya a gida. Ki tabbata maganar ta ƙare kafin Juma'ar ta zo. Wannan yana nufin za ki yi magana da mutum biyu, kuma Baba ne na farko.

Bari in fara ba manajanki haƙƙinsa. An ajiye ledar nan ne don wanda ya sayi nama ko kifi, kuma kantin sauƙi da ɗan abin da ya rage yake rayuwa. Ya manna sanarwa sau biyu kafin ya kai nan. Kyakkyawan dalilin mahaifinki bai mayar da arba'in ta zama biyu ba, kuma shi ma ya sani, shi ya sa yake juya baya. Inda manajan ya yi kuskure shi ne zaɓen ranar da ta fi cika don a yi abin a idon jama'a. Amma ya zaɓa ne bai san wanda ke cikin hoton ba, kuma ke kaɗai ce za ki iya gaya masa.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarki da kika rubuta kika wuce. Mutumin da yake tafiyar minti arba'in a bas don ya sayo kunzugu inda ba a san shi ba, zai iya sayo leda a can, ba wanda zai tambaye shi. Bai yi ba. Yana naɗe ta ne a kanti ɗaya tilo da 'yarsa take tsaye, sau biyu a mako. Ban san dalili ba, ke ma ba ki sani ba. Wataƙila gajiya ce ta kai shi inda mutum ba ya iya tsara abu mai sauƙi. Wataƙila wani ɓangare na zuciyarsa yana son a gani a tambaye shi. Wataƙila kuma shi ma tunaninsa ya fara rauni, wanda likita ne zai faɗa, ba ni ba. Ko wanne ne, kin ga damuwar ta wuce leda. Dattijo mai shekara saba'in da tara yana jinyar mara lafiya shi kaɗai shekara ɗaya da rabi, yana ramewa. In ya faɗi gobe, sirrin da kuke tsaro zai fito a gaban ma'aikatan motar asibiti da duk matan layin, ba tare da an tambayi kowa ba.

Ki je wajensa ranar hutunki na farko, kada ki jira Lahadin da yake shirya miki gida. Ki same shi inda Mama ba za ta ji ba. Kada ki fara da kantin, kada ki riƙo leda a hannu. Ki ce kin buɗe ɗakin ajiya a watan Nuwamba, kin gani, kin kuma ji kunyar faɗa. Bayan haka ki gaya masa abin da aka shirya ranar Juma'a, dalla-dalla, har da cewa ke aka sa. Ya cancanci ya sani, ya kuma daina da kansa, ba a hana shi ba. Zai iya yin fushi, zai iya cewa ki tafi gidanki. Ki tafi, ki dawo washegari.

Game da alkawarin, ki sake duba abin da mahaifiyarki ta roƙa. Cewa ta yi kada 'yarta ta gan ta a haka. Ba ta ce kada kowa ya taimaka masa ba. Ana iya cika mata wannan har ƙarshe: ba sai kin shiga ɗakin ba, ba sai kin taɓa kunzugu ba. Ma'aikaciyar jinya da ta koyi aikin, wadda ba ɗalibarta ba ce ba kuma 'yarta ba, sau da yawa ta fi sauƙin karɓa ga mace mai kamun kai irinta. Ki kira ofishin kula da tsofaffi na gundumarsu, ko a wannan makon, ba sai kin jira yardarsa kafin ki yi tambaya ba. Su ne za su zo su duba halin da take ciki, su faɗa muku abin da inshorar jinya za ta ɗauka, wadda iyayenki suka yi shekaru suna biya. Ki tambaye su kuma yadda garinku yake yi da sharar kunzugu, domin garuruwa da dama suna da nasu tsari, kuma ba gidanku ne farkon wanda ya ji nauyin maƙwabta ba. In za ki kawo wa Baba wannan, ki kawo shi a matsayin hanyar da zai ci gaba da riƙe ta a gida, domin abin da ya fi tsoro, ina zato, shi ne a raba su.

Sai manaja, washegarin ranar da kika ga Baba. Magana uku ta isa: mahaifina ne, na yi kuskure da ban faɗa da wuri ba, na yi magana da shi kuma ba zai sake ba. In ya nemi dalili ki ce akwai rashin lafiya a gida, ki tsaya nan. Ciwon mahaifiyarki ba na kanti ba ne. Ba zan yi miki alkawarin cewa takardar aikinki ba za ta girgiza ba, ban san mutumin ba. Amma ba ki taɓa karɓar kuɗin mahaifinki a layinki ba, ba ki ɗauki komai ba, kuma shekara goma sha ɗaya suna da nauyi. Abin da yake so shi ne naɗin ya tsaya, kuma kin kawo masa hanyar da ta fi tasa sauƙi. Ki roƙe shi kai tsaye ya bar maganar takardar hana Baba shiga, domin tsohon ba shi da wani kantin.

Dariyar da kika yi, na san tana cin ki. An yi ta, ba ta gogewa, kuma ba sai kin kai wa Baba ita ba, nauyinki ne ba nasa ba. In an sake ɗauko wasan a ɗakin hutu, ki ce mahaifinki ne, ki ci gaba da cin abincinki. Ina tsammanin abokiyar aikinki za ta fi ki jin kunya. Mijinki kuma ki gaya masa duka, ya amsa ne a kan rabin labari.

Kina tsoron maganar za ta karya mahaifinki. Mai yiwuwa ta yi masa zafi ƙwarai, ba na ɓoye miki. Amma zafin da 'ya ta kawo a bayan gida, su biyu, da murya ƙasa-ƙasa, mutum yana iya ɗaukarsa ya kuma yafe. Ki gaya masa a fili cewa ba ki zo karɓe ta daga hannunsa ba, kin zo ne don hannun ya huta. Ina yi wa mahaifiyarki fatan sauƙi, mahaifinki ya samu mai kama masa, ke kuma ki samu ƙarfin buga ƙofar.

Hayasaka